Bashi uku aka rubuta mini, ɗaya ne na gaskiya

Ni tela ne a Fagge. Kafin in zauna a shago gaba ɗaya na yi shekara uku ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi, da rana alli, da dare keke. A ƙarshen 2023 na ƙudurta sayen keken surfani na kwamfuta mai kai ɗaya, don na gaji da kai wuyan riga da aljihu wurin wasu, in biya kuɗina kuma in bi layi. Duk telan da ya taɓa zama ana saura kwana biyar Sallah, mai kaya na tsaye a kansa yana huci, kayan kuwa suna can shagon wani ko ɗora su ba a yi ba, ya san abin da ya kai ni.

Abin da na tara bai kai rabi ba. Sai na nufi wani banki da ba ya harka da kuɗin ruwa, aka yi mini bayanin murabaha: su za su sayi keken, su sayar mini da ribar da muka daidaita a kanta tun farko, in riƙa biya wata-wata. Na kai takardar farashi daga wurin dila, naira miliyan 4 da dubu 200, na kawo mutum biyu da za su tsaya mini, na sa hannu duk inda aka nuna mini. Ɗaya daga cikin takardun ashe izini na ba su su binciki tarihin bashina. Ban karanta ba. Ko da na karanta ma zan sa hannu, don a sanina ba ni da abin ɓoyewa.

Farkon Janairu jami'in da ke riƙe da fayil ɗina ya kira ni ya ce in leƙo. Da na zauna bai yi wani dogon gaisuwa ba.

"Malam, ka ce mini ba wanda ke binka."

"Ba kowa, ranka ya daɗe, sai mai shadda a Kwari, shi ma duk Juma'a nake sallamarsa."

Ya juyo mini da fuskar kwamfuta. "To ga wuri uku. Kiredit biro ne suka nuna."

Ni da na ji biro, abin rubutu na ɗauka. Shi ya zauna ya warware mini. Kamfanoni uku ne Babban Bankin Najeriya ya ba lasisin tattara bayanan bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Duk bankin da ya ba ka rance, babba ko ƙarami, har da wasu manhajojin rancen nan na waya, yana tura musu labarinka: nawa ka karɓa, yaushe, kana biya ko ka tsaya. Kafin banki ya ba ka sabon bashi kuma dole ya duba aƙalla biyu daga cikin ukun. Akwai doka a kan aikin biro ɗin, wadda Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, kuma dokar ta ba ka damar ganin abin da aka rubuta a kanka, kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Ya rufe da maganar da na yi wata uku ina tabbatar da gaskiyarta: "Ba mu muka rubuta ba, ba mu za mu goge ba. Su ma biro ɗin abin da aka aiko musu suke nunawa. Wanda ya rubuta shi za ka bi."

Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Bayero shi ya zama sakatarena. Muka je kafe, ya shiga shafin kowane kamfani ɗaya bayan ɗaya, ya sa lambar BVN ɗina mai lamba 11, rahotannin suka shigo imel ɗinsa, muka buga. Na ce don me sai uku, ai ɗaya ta isa. Ya ce, "Kawu, ba lalle abin da ke wannan ya kasance a wancan ba." Haka kuwa aka yi. Biyu sun nuna basussuka biyu, ɗaya ya nuna uku.

Muna tsaye muna jiran takardu wani matashi da ya ji hirarmu ya matso, ya ce yana da mutum a ciki, in kawo dubu 40 zuwa jibi sunana ya fita fes. Ba zan ɓoye ba, hannuna ya kai aljihu. Ɗan yayata ya taka mini ƙafa. Da muka fito ya ce ko da gaske ne akwai mutum a ciki, ƙarshen wata bankin zai sake turo bayanansa, bashin ya dawo inda yake, dubu 40 kuma ta tafi. Daga baya na gane ko a nan ya yi wa yaron adalci, don babu wani mutum a ciki.

Da dare na baje takardun a kan teburin yanka na bi su layi-layi da reza a hannu kamar mai farke ɗinki.

Na farko na gane shi nan take, kuma jikina ya yi sanyi. A 2017, ina makarantar nan, na karɓi rancen albashi na dubu 60 a bankin da ake biyanmu. Ana cira duk wata. Albashin ƙarshe ya makara, na bar aikin, na daina taɓa asusun, a zatona an gama. Ashe naira 3,150 ta yi saura. Shekara shida da ɗoriya tana kwance tana haihuwa, ruwa da tara, har ta zama 27,800. A gabanta an rubuta wata kalma da ɗan yayata ya ce ma'anarta bashin da aka fidda rai da shi. A ƙa'idarsu in ka wuce kwana 90 ba ka biya ba an fara sa maka jan biro, in ya haura kwana 360 sai a kai ka wannan aji na ƙarshe. Wato ni, a idon duk wani banki a ƙasar nan, mutum ne da ya ci kuɗi ya gudu.

Wannan ya fi sauran biyun tsaya mini a rai. Mu da in an yi rasuwa, kafin a sallaci gawa ake shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya fito. Da ta Allah ta kasance a kaina a cikin shekarun nan, da an yi shela ba wanda ya ɗaga hannu, iyalina su tafi hankali kwance, alhali abin na nan a rubuce a wurin kamfanonin biro a Legas. Bashi hanji ne, an ce yana cikin kowa, amma ni nawa ban ma san yana ciki ba.

Na je reshen da na buɗe asusun. Kwana biyu ana tura ni daga wannan tebur zuwa wancan, sai a na uku aka haɗa ni da wata jami'a mai kula da basussukan da suka tsaya. Na ce mata, "Hajiya, asalin kuɗin ban musa ba, nawa ne. Amma shekara shida ba wanda ya kira ni, lambata kuwa ba ta canza ba." Ta ce in rubuta takardar neman sassauci zuwa ga manaja. Na rubuta, na yi fotokwafi biyu, na ce a buga mini hatimi da kwanan wata a kan tawa. Wannan ɗabi'ar ta karɓar kwafi mai hatimi ita ce babban abin da na koya, don sau biyu aka ce mini ba a ga takardata ba, sau biyu ina zaro tawa. Bayan mako biyu suka amince in biya dubu 12 a rufe. Na biya, na riƙe rasit, na nemi takardar shaidar cewa ba sa bina komai. Ita ma sai da ta ci kwana takwas.

Na ɗauka shi ke nan. Na sake duba rahoton bayan mako uku, wannan karon da kuɗina tunda na cinye na kyauta, bashin na nan daram. Na koma. Hajiyar ta ce su wata-wata suke tura bayanai, in ƙara haƙuri. Wata ya ƙare, shiru. A nan na rubuta koke a hukumance, na karɓi lambar koken, na kuma rubuta a ƙasa cewa in ba a gyara ba zan kai maganar sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki. Tsarin haka yake, sai ka fara kai kuka bankinka ka ba su lokaci, in suka gaza sannan ka wuce gaba da shaidar cewa ka fara da su. Ban kai ga wucewa ba. Kwana huɗu aka gyara.

Gyaran kuma ba gogewa ba ne, wannan ya kamata mutum ya sani tun kafin ya fara. Layin yana nan, sai dai yanzu yana cewa an biya, an rufe, saura sifili. Na yi ƙorafi, jami'in bankin murabaha ya ce, "Malam, abin da ya faru ya faru. Mu abin da muke so mu gani shi ne ka biya."

Na biyu shi ne mai ɗaci. Watan Yulin 2021 aka yi wa maiɗakina tiyata wajen haihuwa, ƙarfe ɗayan dare aka miƙo mini takardar magani, ba ni da ko sisi. Na sauke wata manhajar rance, na danna amincewa ga duk abin da ta tambaya, har da lambobin da ke cikin wayata. Dubu 20 na nema, 17 suka shigo, aka ce in mayar da 26 cikin kwana 14. Na makara da kwana tara. A rana ta biyar suka tura saƙo ga mutanen da ke wayata cewa ni ɓarawo ne da ake nema. Abokan ciniki sun gani, limamin masallacinmu ya gani, surukina ya gani. Har yau ina jin muryarsa: "Kai, me nake gani haka a waya?" Na sayar da keken zigzag ɗina na biya 31,500 a wata lambar asusu da mai kirana ya turo ta WhatsApp. Kiran ya tsaya, na goge manhajar, na ce Allah ya isa.

A rahoton kuwa bashin na raye, ya kai dubu 94, an kuma nuna an miƙa shi ga masu karɓo bashi. Abin da ya faru, kamar yadda na fahimta daga baya, asusun da na biya na kamfanin 'yan karɓar ne, ba na masu manhajar ba. Sun karɓa, sun daina kirana, amma ba wanda ya je ya rufe littafin.

Yanzu ina shaida? Wayar da ke da hirar WhatsApp ɗin an sace ta tun 2022. Manhajar ta ɓace daga Play Store. Ba mamaki, don a Maris 2022 hukumar kare masu sayayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin irin waɗannan kamfanoni a Legas, daga baya ta wajabta musu rajista, Google kuma a 2023 ya hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Da yawa sun rufe, wasu sun sake suna sun dawo. Namu na cikin masu sake suna. Ɗan yayata ya ɗauki sunan kamfanin da ke kan rahoton, wanda ban taɓa ji ba, ya same shi a jerin waɗanda hukumar ta amince da su, da sabuwar manhaja da sabon adireshin imel.

Na je bankina na nemi takardar shige da ficen kuɗi ta Yuli da Agustan 2021, mai hatimi. Ga layin nan: 31,500, kwanan wata, sunan kamfanin da ya karɓa. Allah ya taimake ni a wurin da ake rubuta dalilin tura kuɗi na sa "biyan bashi" da lambar wayata. Amma sunan wanda ya karɓa daban, sunan wanda ke bina daban, ana buƙatar abin da zai ɗaure su wuri ɗaya. Sai maiɗakina ta ce, "Ai Baba ba ya goge saƙo."

Na yi kwana biyu ina juya abin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bayan la'asar na je, na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Ya tura jikansa ya ɗauko ƙaramar wayar nan mai maɓalli da aka ɗaure da roba. Muka yi ta gangarawa, saƙon ɗaurin aure, saƙon kamfanin waya, saƙon ta'aziyya, shekara biyu da rabi, har muka iso. Saƙon na nan yadda aka turo shi, da sunana cikakke, da kalmar ɓarawo, da sunan manhajar, a ƙarshe kuma lambar asusun da aka ce duk mai son rufa mini asiri ya biya a ciki. Ita ce lambar da ke kan takardar bankina. Na ɗauki hoton fuskar wayar hannuna na rawa. Tsohon bai ce komai ba sai, "Allah ya rufa asiri."

Imel uku muka tura wa kamfanin, ko gezau. Sai muka cike fom ɗin ƙalubale a shafin kowane biro da bashin ya bayyana, muka liƙa takardar banki da hoton saƙon da katin shaidata. Su aikinsu su tuntuɓi wanda ya kawo bayanin su ce ga abin da mutum ya ce, me za ku ce. Muka kuma shigar da koke a FCCPC, muka tura wa kamfanin kwafi don su san an kai. Wanne ne ya motsa su a ciki, oho. Mako na biyar dai wani gajeren imel ya shigo, sun ce sun daidaita lissafinsu, ba sa bina komai. Ba haƙuri, ba komai. Na buga shi kwafi uku.

Na uku shi ya fi girma, naira dubu 380, kuma shi na fi tsoro, sai ga shi ya fi sauƙi. Wani ƙaramin banki ne na masu ƙananan sana'o'i, a wani gari a wata jiha da ban taɓa takawa ba, rancen noma tun 2016. A rahoto ɗaya kaɗai ya fito. Suna nawa ne, harafi da harafi. Ranar haihuwa tawa ce. To amma sunana irin wanda in ka kira shi da ƙarfi a Kantin Kwari mutum goma za su waiwayo ne, ranar haihuwata kuwa 1 ga Janairu, kamar ta dubban 'yan Arewa da aka haifa a gida, aka je kotu daga baya aka yi musu takardar shekaru. Magatakarda ya tambayi mahaifina wata, ya ce lokacin sanyi ne, aka rubuta 1 ga Janairu. Shi ƙaramin bankin da ya tura bayanin bai haɗa da BVN ba, suna da ranar haihuwa kawai ya aika, sai suka faɗo a kaina. A wurin sana'a an rubuta manomi. Ni ko tukunyar fulawa ban taɓa shukawa ba.

Na samo lambar bankin na kira. Da na faɗi sunana aka haɗa ni da manaja da sauri, Bahaushe ne, ya ɗauka da murna.

"Alhamdu lillahi! Malam, shekara nawa muna nemanka. Kana ina yanzu?"

"Yallaɓai, ina Kano, kuma ba ni ba ne."

"Haka kowa ke cewa."

Na ce ya ɗauko fayil ɗin ya duba hoto, ni kuma zan turo nawa. Na je babbar kotun jiha na yi takardar rantsuwa cewa ban taɓa hulɗa da su ba, na haɗa da takardar NIN da ta BVN mai hotona, na tura masa, na kuma tura wa biro ɗin. Washegari ya kira da kansa, muryarsa ta sauka. Mutumin da ke fayil ɗinsu dogo ne mai zane a kumatu, ga babban yatsa da ya dangwala a maimakon sa hannu. Ya ce, "Ka yafe mu, Malam." Ya rubuta wa biro ɗin wasiƙa, ya turo mini kwafi. Kwana 16 layin ya ɓace gaba ɗaya, don shi wannan kuskure ne tsantsa, irinsa ake gogewa. Nakan tuna mai sunan nawa wani lokaci. Wataƙila damina ce ta ƙi masa.

Duk wannan zirga-zirgar ina yinta ne ina kallon Wapa, kasuwar 'yan canji da ke nan kusa da mu. A Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, dila ya kira ni ya ce takardar farashin da ya ba ni ta mutu. Azumi ya kama ranar 11 ga Maris ina tsakanin kotu da kafe, yarana biyu na shago suna fama da kayan Sallah su kaɗai, wuyan riguna kuma na can layin mutane kamar kullum. Sai a goman ƙarshe na sake biyan kuɗi na ciro rahotannin uku, na baje su a teburin yanka: ɗaya an biya an rufe, ɗaya saura sifili, ɗaya babu shi. Wani rahoton har yanzu yana ɗauke da adireshin gidan hayar da na bari tun 2018, na ce wannan ya zauna.

Jami'in ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce in kawo sabuwar takardar farashi. Miliyan 5 da dubu 600. Na ce wa dila ai dala ta fara sauka, ya ce shi da tsada ya shigo da kayansa. Aka sake lissafi, aka ƙara mini watanni. A cikin takardun da aka miƙo akwai ta GSI, tsarin da Babban Banki ya fara a Agustan 2020, wanda ya ba banki damar cirar kuɗinsa daga duk wani asusu da ke ɗaure da BVN ɗinka in ka daina biya. Na ja kujera na karanta ta daga sama har ƙasa, jami'in na duba agogo.

An yi Sallah ranar 10 ga Afrilu, keken ya iso bayan kwana 12, lokacin da ko mai ɗinkin hula ba ya leƙo shago. Aikin farko da na ɗora masa bajo 200 ne na wata Islamiyya. Takardun duka, rasit da wasiƙu da takardar rantsuwa, suna cikin leda a aljihun tebur ƙarƙashin kwalin zare.

Da na je yi wa surukina barka da Sallah na roƙe shi ya goge saƙon nan, tunda ya gama aikinsa. Ya juya wayar a hannunsa, ya ce shi bai san inda ake dannawa ba, in bari sai jikansa ya dawo daga makaranta.